Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Nasiha Ga Matasan Ma'aikatan Jinya



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata yarinya ce da na taɓa koyarwa ta zo gaishe ni bayan sallah. Yanzu ita ke riƙe da ɗakin mata a asibitinsu. Muna cikin hira sai ta ce, "Mama, an aiko mana da takarda daga ofis, wai mu kafa majalisar ma'aikatan jinya, wai shugabancin haɗin gwiwa. Mun zaɓi shugaba da sakatare, mun zauna sau biyu. Yanzu kuma mun rasa abin da za mu tattauna." Na yi dariya har ta ɗan tsargu. Na ce ta kwantar da hankalinta, kaina nake yi wa dariya, don ramin da take tsaye a bakinsa na taɓa faɗawa cikinsa. Na zuba mata kunu, na ce maganar tana da tsawo. Abin da na gaya mata a ranar shi zan gaya muku, da ɗan ƙarin abin da ya faɗo mini bayan ta tafi.

Sa'ad da na fara aiki, idan metiron ta shigo ɗaki kowa miƙewa yake, har majinyacin da ke iya zama sai ya gyara zama. Hularta ta sha sitaci, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ba a tambayar ta dalili, ita ma ba ta tambayar na sama da ita. Ran nan aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin maza, cewa daga ƙarfe 9 na dare kada a bar ɗan'uwan majinyaci ko ɗaya a ciki. Wai wani babba ne ya kawo ziyara, ya ga tabarmi da kwanuka a ƙarƙashin gadaje, ransa ya ɓaci. To, aikin dare ni ce da ɗaliba ɗaya, gadaje kuwa sun haura talatin. Waɗannan 'yan'uwa da aka kora su ne ke juya tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, su ne ke kai su bayan gida, su ne ke zuwa da gudu su ce mana ƙarin ruwa ya ƙare. Duk wadda ta taɓa kwana a ɗakin ta san dokar ba za ta haifi ɗa mai ido ba. Ba a tambaye mu ba, mu ma ba mu ce uffan ba.

Ba a yi wata guda ba gyambon kwanciya ya fara fitowa a bayan tsofaffin nan. Da aka zo neman mai laifi, ni aka miƙa wa takardar tuhuma, don sunana ne a littafin rahoto. Wanda ya kafa dokar yana gidansa yana barci. Na yi kuka a ɗakin ajiye magani, kuma shekaru da yawa na ɗauka abin da ya same ni rashin sa'a ne kurum. Sai da na fara furfura na gane cewa ciwo ne mai suna: an ajiye ikon yanke hukunci a wuri ɗaya, an ajiye alhakin abin da hukuncin ya haifar a wani wuri. Duk maganar shugabancin haɗin gwiwa, in kun tace ta, ƙoƙari ne na mayar da waɗannan biyu ƙarƙashin rufi ɗaya.

Kada ku ga laifin metiron ɗinmu, gado ta tarar. Aikin jinya irin na zamani ya tashi ne tsakanin barikin soja da gidan matan coci masu zaman ibada, kuma duka biyun biyayya ce ginshiƙinsu. Florence Nightingale ta tafi asibitin sojan Ingila da ke Scutari, a Turkiyya ta yau, a 1854 da mata 38, sannan ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Ta yi abin a yaba, don ta dage cewa tarbiyyar ma'aikaciyar jinya da horonta su kasance a hannun metiron, mace 'yar sana'ar, kada su koma hannun likita ko akawun asibiti. Amma ikon da ta ƙwato, mutum ɗaya ta damƙa wa. Bayan haka sai ga Frederick Taylor na Amurka a 1911 da koyarwarsa ta tafiyar da masana'anta, wadda ta raba mutane gida biyu, masu tunani a ofis da masu aiki da hannu a ƙasa. Asibitoci suka ɗauki wannan suka ɗora a kan wancan. Turawa suka kawo mana shi haka, muka karɓa, muka ƙara masa namu girmama na gaba, wanda abu ne mai kyau a gida, amma a bakin gadon mara lafiya yakan rufe bakin da ya kamata ya buɗe.

Tsarin Taylor yana iya yin aiki ga mai lodin ƙarfe a mota. Ke kuwa lasisinki da sunanki Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta ba ki, ba da sunan asibiti ba. In kika yi wa majinyaci allurar da ba ta dace ba, ke za a kira. Mutumin da doka ta ɗora wa irin wannan nauyi, ta yaya za a ce ba shi da ta cewa kan yadda ake aikin?

A Amurka aka fara yin wannan tambaya da babbar murya. Luther Christman, shugaban farko na kwalejin jinya ta jami'ar Rush a Shikago, ya rubuta a 1976 cewa ma'aikatan jinya na asibiti su zama ƙungiya mai cin gashin kanta kamar yadda likitoci suke, su kafa ƙa'idojin aikinsu, su riƙa duba aikin junansu. 'Ya'yana maza, ku riƙe sunan mutumin nan: lokacin yaƙin duniya na biyu ya nemi shiga rundunar jinya ta sojan ƙasarsa, aka ƙi ɗaukarsa don shi namiji ne, bai kuwa bar sana'ar ba. A 1978 Virginia Cleland ta yi amfani da kalmar shugabancin haɗin gwiwa a rubutunta, tana aro daga yadda malaman jami'a ke da baki a harkar jami'arsu.

Sai kuma ƙarancin ma'aikata ya matsa wa asibitocin Amurka a farkon shekarun 1980. Ana ɗauka suna gudu. Amma aka lura akwai wasu asibitoci da ba su san wannan matsala ba, ma'aikata na rububin shiga, in sun shiga kuma ba sa fita. Cibiyar manyan masana jinya ta ƙasar ta sa Margaret McClure da abokan aikinta uku su bincika, suka fitar da rahotonsu a 1983. Asibitoci 41 suka ware, aka yi musu laƙabi da asibitocin maganaɗisu, don yadda suke jawo mutane. Da aka tambayi ma'aikatan abin da ya zaunar da su, amsoshin da suka yi ta maimaituwa su ne: ana jin maganarmu, muna da iko kan yadda muke kula da majinyatanmu, shugabanninmu suna saukowa inda muke, ana ba mu damar ƙaro ilimi. Daga nan lambar yabon nan ta Magnet ta samo asali, wadda aka fara bai wa asibitin jami'ar Washington a 1994. Shekara guda bayan rahoton McClure, a 1984, Tim Porter-O'Grady da Sharon Finnigan suka fitar da littafin da ya zana yadda za a gina tsarin a aikace, da majalisu na ma'aikatan da ke bakin gado: ta ƙa'idojin aiki, ta inganci, ta ilimi, da wadda ke haɗa kansu.

To, a nan ne mutane da yawa suka yi tuntuɓe, har da ni. Zanen majalisun yana da sauƙin kwafa. Dalilin da ya haifi zanen shi ne mai wuyar ɗauka.

Na san da kun ji an ce tiyori sai hamma ta kama ku, ku tuna daren jarrabawa. Malamanmu na jami'a suna ce masa ra'i. Ni kuwa a wurina ra'i bai wuce amsar "me ya sa" ba. Kun san bambancin wadda ta haddace cewa a juya majinyaci duk bayan awa biyu, da wadda ta san cewa nauyin jiki ne ke danne ƙananan hanyoyin jini tsakanin ƙashi da katifa har fata ta mutu. Ta farko ran da aka ce babu mai taya ta juyi, sai ta tsaya. Ta biyu za ta nemi matashin kai ta ɗage dunduniya, ta san wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Haka abin yake ga shugabanci. Wadda ta san dalilin majalisa za ta iya gina ta ko a asibitin ƙauye mai ma'aikata biyar. Wadda zane kawai ta sani za ta zaɓi shugaba da sakatare, ta zauna sau biyu, ta zo wurina shan kunu.

Ra'in da ya fi zauna mini a rai na wata masaniyar zamantakewa ce, Rosabeth Moss Kanter, wadda ba ta da alaƙa da asibiti ko kaɗan. Wani babban kamfani ta shiga ta yi shekaru tana nazari, ta fitar da littafinta a 1977. Abin da ta gano shi ne, yawancin abin da muke kira halin ma'aikaci, wurin da aka ajiye shi ne ya haifar da shi. Iko a wurinta shi ne mutum ya iya tattaro abin da ake bukata har aiki ya yiwu. Kuma ta ce yana zuwa ne idan an buɗe wa mutum ƙofofin sanin abin da ake ciki, da samun kayan aiki da lokaci, da goyon bayan na sama da na gefe, da damar ci gaba. Heather Laschinger ta jami'ar Western Ontario a Kanada ta ɗauko wannan ra'i ta yi ta gwada shi a kan ma'aikatan jinya tun daga shekarun 1990, kuma sau da yawa abu ɗaya ta riƙa samu: inda ƙofofin nan suke a buɗe, ma'aikata sun fi gamsuwa da aikinsu, sun fi amincewa da shugabanninsu, gajiyar zuciya ta fi sauƙi.

Akwai wani gefe na maganar Kanter da nake so ku tsaya a kansa, don ya taɓa mu inda yake mana ciwo. Ta lura cewa wanda aka ɗora wa nauyi aka hana shi iko, shi ne yakan zama mai tsananin riƙon ƙananan dokoki, mai gadin ɗan yankinsa, mai huce haushi a kan na ƙasa da shi. Ku saurari abin da mata ke faɗa game da mu a gidan suna da gidan biki. "Nas ɗin nan masifa gare ta." "Ta daka mini tsawa ina naƙuda." Har akwai waɗanda suka gwammace su haihu a gida saboda bakinmu. Ba na wanke kowa, tsawa ga mai naƙuda laifi ne, kuma wadda ta yi za ta amsa a gaban Allah. Amma na ga 'yan mata masu taushin hali da suka shigo aikin nan da hawayen tausayi, bayan shekara biyar suka zama abin tsoro. Ba ta da iko kan jadawalin aiki, ba ta da iko kan safar hannu, ba ta san me ya sa aka daina kawo maganin da ta saba ba, ta kai kuka sau goma ba amsa. Abu ɗaya ya rage a hannunta, ƙofar ɗaki da wanda za ta bari ya shiga. Sai ta riƙe ƙofar nan kamar sarauta. Idan ra'in Kanter gaskiya ne, kuma abin da idona ya gani ya sa na yarda da shi, to wa'azi kaɗai ba zai gyara ta ba, sai an gyara wurin da aka tsayar da ita.

Porter-O'Grady ya kafa nasa ginin a kan abubuwa huɗu: tarayya, da daidaito, da ɗaukar alhaki, da mallaka. Biyun farko ba sa bukatar dogon bayani. Na ƙarshen kuwa duk wanda ya tashi a gidan noma ya riga ya san shi. Da safe ana fita gandu, mai gida ya ce yau ga inda za a nome, a yi, a tashi. Da yamma kuma saurayi ya wuce gayaunarsa. Mutum ɗaya ne, fartanya ɗaya ce, gajiyar ma ta fi yawa da yamma. Amma ku je ku dubi gayaunar. Babu mai tsaya masa a kai, shi ke lura da inda ruwa ke kwanciya, shi ke neman taki, don in ta yi kyau tasa ce, in ta lalace ba shi da wanda zai nuna wa yatsa. Abin da ake nema ke nan, ɗakin da kike aiki ya zama gayaunarki. Shi ya sa Porter-O'Grady ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen da suka shafi kula da majinyaci kamata ya yi a yanke su a inda ake aikin.

Sai dai kada ku ji wannan ku ɗauka an ce kowa ya zama metiron. Babban aikin ra'i shi ne shata iyaka, a san wace magana ce ta wa. A tsarin da Porter-O'Grady da Finnigan suka zana, ma'aikatan bakin gado su ke da ta cewa kan ƙa'idar aiki, da ingancinsa, da ƙwarewar da ake bukata ga mai yin sa, da ilimin da za a dogara da shi. Shugabanni kuma su ke riƙe da kuɗi, da ɗaukar ma'aikata, da sayen kaya, da gyaran gini, kuma aikinsu shi ne su samar da abin da hukuncin ma'aikata ke bukata. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarki shi ke da gari da kasuwa, amma ba ya gaya wa maƙeri lokacin da ƙarfe ya yi ja. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Aska, kowace sana'a da masu hukunta 'ya'yanta daga cikinta. Waɗanda suka yi karatun sira kuma za su tuna Hubab ɗan Munzir a ranar Badar. Kafin ya buɗe baki da shawara, sai da ya fara tambayar Annabi (SAW) ko wurin da aka sauka umarni ne daga Allah, ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da ya ji dabara ce, sannan ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuwa karɓa. Ku dubi ladabin, ku dubi kuma hikimar. Ya fara tantance ko maganar tana cikin abin da ake shawara a kai, sannan ya faɗi abin da ya sani ba tare da jin nauyi ba. Majalisar da ba ta yi wannan tantancewa ba, za ta ƙare tana gardama kan albashin da ba ta da iko a kai, alhali yadda ake miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, wanda nata ne tsantsa, yana nan a lalace.

Bari in ba ku nawa abin kunyar. Da girma ya zo mini, aka tura ni wani taron bita, na dawo da zane mai akwatuna da kibiyoyi, kaina ya yi girma. Na tara yara na ce daga yau muna da majalisa. Ni na zaɓi mambobin, waɗanda nake jin daɗin aiki da su. Na sa zama ƙarfe 8 na safe, ban tuna cewa rabinsu daga aikin dare suke fitowa ba. Na zauna a kujerar gaba. Suka yi wata biyu suna aiki a kan sabon jadawalin hutu, suka kawo mini, na duba na ce to madalla, zan yi nazari. Na sa a aljihun tebur, na ci gaba da nawa. Ban yi da mugunta ba, wallahi, gani nake na fi su sanin abin da zai yiwu. A zama na gaba mutum uku suka zo. A na bayansa ni kaɗai ce da sakatare. Na yi ta faɗa cewa yaran yanzu ba sa son ɗaukar nauyi. Wata 'yar ƙaramar ma'aikaciya ce, wadda ba ta fi shekara biyu da fara aiki ba, ta same ni ni kaɗai, ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, in dai ke za ki yanke a ƙarshe, gara ki bar mu mu yi barci." Na yi fushi a ranar. Na yi shekaru ina gode mata a zuciya.

Da na san Kanter a lokacin, da na ga cewa ban buɗe musu ƙofa ko ɗaya ba. Ban nuna musu adadin ma'aikatan da aka amince mana da shi ba, ban ware musu lokaci cikin awannin aiki ba, ban tsaya musu a gaban na sama ba. Zane na aro, shi kuwa zanen aro ba ya rufe katara.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Robert Hess a Amurka ya ƙirƙiro ma'auni mai jerin tambayoyi, wanda ya wallafa a 1998. Kowace tambaya abu ɗaya take nema: wannan hukunci, wa ke yanke shi a zahiri, shugabanni ne su kaɗai, ko tare da ma'aikata, ko ma'aikata ne? Da aka riƙa aunawa, an yi ta samun asibitocin da ke alfahari da majalisunsu, amma ma'aunin ya nuna har yanzu ofis ke yanke komai. A shekarun 1990 kuma, da guguwar tsuke bakin aljihu ta taso wa asibitocin ƙasar, majalisu da yawa sun watse, don abin da aka ɗauka ado ne shi ake fara cirewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Zan kuma gaya muku gaskiya kan hujja, don kada ku je gaban likitoci da akantoci ku yi cika baki. Mary Anthony ta bi binciken da aka yi a kan tsarin a 2004, ta nuna cewa hujjar ba ta kai ƙarfin yabon da ake yi ba, kuma wani ɓangare na matsalar shi ne kowane asibiti da abin da yake nufi da kalmar. In ba a yarda kan ma'anar abu ba, ba a iya auna shi. Wannan ma kaɗai ya isa dalilin neman tushe. Duk da haka akwai abin riƙewa. Linda Aiken da abokanta sun kwatanta asibitocin maganaɗisu 39 da wasu 195 masu kama da su a 1994, suka ga mace-macen tsofaffin majinyata ya yi ƙasa da kashi 4.6 cikin 100 a na farkon. A 2016 kuma Ann Kutney-Lee da abokanta suka duba asibitoci 425 da ma'aikatan jinya sama da 20,000, suka samu cewa inda ma'aikata suka fi shiga harkar yanke hukunci, ƙorafin gajiya da son barin aiki ya fi ƙaranci, majinyata kuma sun fi yaba kulawar da suka samu. Wannan ya nuna abubuwan suna tafiya tare. Bai ce majalisa kaɗai ce ta jawo ba, kuma majalisa ba ta zama madadin isassun ma'aikata. Aiken ɗin nan dai ita ta nuna a 2002, a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100. Kada wani ya ba ku kujerar taro a maimakon abokin aiki ku ce kun ci riba.

Masu shirin tafiya Ingila, na san kuna da yawa, kuma ba na hana ku. Amma kada ku zaci can ba a yin shiru. A asibitin Stafford, tsakanin 2005 da 2009, an bar majinyata cikin ƙazantarsu, wasu da ƙishirwa, saboda shugabanni sun sa ido kan lissafin kuɗi da cika alƙaluma, an rage ma'aikata, waɗanda suka yi magana kuma ba a saurare su ba, wasu ma an tsangwame su. Rahoton Robert Francis na 2013 ya fito da shawarwari 290. Akwai wuta, akwai ruwa, akwai na'urori, amma abin da ya faru a ɗakin mazanmu ya faru a can. Bayan haka wasu asibitocin ƙasar, irin na Nottingham, suka rungumi majalisun ma'aikatan bakin gado da gaske. In kun je za a iya gayyatar ku ciki. Kada ku noƙe kuna cewa ku baƙi ne.

Saura abin da ba ku so ji ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ran da aka ce ku ne masu kafa ƙa'idar wanke ciwo, daga ranar kun rasa damar cewa "haka aka ce mu yi." In ciwo ya ruɓe, ku za ku zauna ku binciki kanku. Za ku karanta abin da aka gano, ba abin da kuka saba ba. Za ku ƙirga, mutum nawa suka faɗo daga gado a watan nan, nawa suka yi gyambo, ku rubuta ko da lissafin bai yi muku daɗi ba. Mafi wuya, za ki kalli ƙawarki, wadda kuke cin abinci kwano ɗaya, ki ce mata ta rubuta awon jinin da ba ta auna ba. Mu Hausawa muna da kara, kuma ina son kara, amma karar da za ta sa a rufe irin wannan, majinyaci ne ke biyan kuɗinta. A faɗa a keɓe, a faɗa da taushi, amma a faɗa.

Ku kuma tuna da na ƙasa da ku. Zai zama abin takaici ku karɓi iko daga hannun metiron ku zama ƙananan metiron-metiron a kan ɗalibai da masu shara da masu tura keken majinyata. Mai sharar da ta shekara ashirin a ɗaki ta san wane famfo ne ke kawo ruwa da asuba. Ku ba ta wurin zama. Shugabanninku kuma ku yi musu uzuri, sakin abin da mutum ya saba riƙewa yana da zafi, na ɗanɗana. Kada ku je musu da gatari. Ku je da abu ƙarami wanda yake naku ba gardama, ku nemi a bar muku shi gaba ɗaya na wata shida, ku dawo da lissafi a hannu.

Abin da na sa ɗiyar nan tawa ta yi ke nan kafin ta tafi. Na ba ta takarda na ce ta rubuta hukunci goma da aka yanke a ɗakinta cikin watan da ya wuce, a gaban kowanne ta sa sunan muƙamin da ya yanke, da muƙamin da za a tuhuma in abin ya ɓaci. A guda bakwai sunayen ba su zo ɗaya ba. Na ce to ga abin tattaunawarku a zama na uku, ku fara da mafi sauƙi.

Ku ma idan kun koma aiki ku yi wannan lissafi, kowa a ɗakinsa, kuma ku sa lokacin zaman inda masu aikin dare za su iya halarta. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba majinyatanku lafiya.